Ciwon ƙafa a Gadarif: Daga faso da ɗaurewar jijiya zuwa 'nabit' mai cin ƙashi

Daga wakilinmu a Gadarif

Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin 'yan ƙwadago lokacin yankan riɗi a gonakin kudancin Gadarif ya san abin da ake yi bayan sallar magariba. Kowa zai samu wuri ya zauna, ya ɗora ƙafa a kan gwiwa, ya haska tocila, ya shiga tonon ƙaya da allura ko tsinin wata ƙayar. Wani yana shafa man riɗi a diddigensa da ya dare, wani kuma cikin dare zai tashi da salati saboda jijiyar ƙafarsa ta ɗaure. Da asuba duk za su ɗauki lauje su koma gona, domin riɗi ba ya jiran mai ciwo. Idan ya bushe a tsaye, kwanson zai fashe 'ya'yan su zube ƙasa, wahalar damina ta tashi a banza.

A shirin lafiya da nake gabatarwa da Hausa a rediyon al'umma, na lura masu sauraro sun fi kawo tambaya a kan zazzaɓin cizon sauro da kala'azar da matsalolin haihuwa. Da wuya mutum ya ambaci ƙafarsa, sai fa in ta hana shi zuwa gona ko masallaci. Wannan ne ya sa na ga ya dace in tattaro wa mai karatu abin da masana suka tabbatar a kan cututtukan ƙafa da suka fi damun mutanenmu, tun daga ƙanana har zuwa wanda ke kai wa ga yanke ƙafa.

Ƙafa ce ta kawo mu

Mu Hausawan Sudan bai kamata a ce mun raina ƙafa ba, domin ita ta kawo kakanninmu nan. Wasu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da niyyar aikin Hajji, suka yi shekaru a hanya suna noma suna ƙara gaba. Wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa ga kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga baya da aka fara noman inji a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar, jama'a suka yi ta kwararowa neman aiki.

Sai dai ko da tarakta ta yi huɗa, har yanzu hannu da ƙafa ne ke yin cirar ciyawa da yankan riɗi. Ƙasar yankin kuwa baƙar laka ce. Da damina takan riƙe takalmi har mutum ya gaji ya cire ya rataya a wuya, da rani kuma ta bushe ta tsattsage ta yi kaifi. Ga ƙayar dushe da ta daƙwara da ta aduwa ko'ina. Ƙafar ɗan Adam da ke da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33 ita ke ɗaukar duk wannan, kuma galibi da silifas kawai, ko ma babu komai.

Abin da ya sami kawuna

Ina ƙaramin yaro na san wani kawuna da ke noma a wani ƙauye na bakin kogin Rahad. Wata shekara ya taka ƙaya, ya cire, ya manta. Bayan watanni wani ɗan ƙullutu mai tauri ya fito masa a bayan ƙafa, bai fi ƙwallon dabino ba. Da yake ba ya ciwo, in an yi masa magana sai ya yi dariya ya ce ai ba ya hana shi noma.

Shekara ta zagayo, ƙullutun ya ƙara girma. Aka kira wanzami ya yi masa sakiya, aka yi tofi, aka ɗaura ganye. Maimakon ya sace, sai ya ɓula ƙananan ramuka da ke fitar da ruwa da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar 'ya'yan habbatus sauda. Wasu suka ce sammu ya taka. Haka aka yi ta fama har kusan shekara 6, ƙafar ta kumbura ta fi ƙarfin takalmi. Ranar da aka sayar da buhunan dawa aka kai shi Hartum, likita ya duba hoton ƙashi ya ce cutar ta riga ta cinye ƙasusuwan, babu abin yi sai yankewa a ƙasa da gwiwa. Kawu ya dawo gida da sanduna biyu. Babban ɗansa ya bar makaranta ya karɓi gona. Har ya koma ga Allah, in ya ga yaro yana gudu babu takalmi sai ya kira shi ya nuna masa dungulmin ƙafarsa.

Mene ne nabit?

Cutar da ta kama kawu ita ce mutanen Sudan ke kira nabit, likitoci kuma suke ce mata maisitoma. An fara bayaninta a rubuce a yankin Madura na ƙasar Indiya a 1842, shi ya sa wasu ke kiranta ƙafar Madura. Ana samun ta a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama irin su Sudan da Chadi da Nijar da Senegal da Somaliya da Yemen da Indiya da Meziko, amma Sudan na cikin waɗanda cutar ta fi yi wa katutu a duniya.

Ƙwayoyin da ke haddasa ta suna zaune ne a cikin ƙasa, sukan shiga jiki ta hanyar sukar ƙaya ko sartse ko wani ƙaramin rauni. Iri biyu ne. Akwai dangin fumfuna, wanda shi ya fi yawa a Sudan, kuma galibi shi ke fitar da baƙaƙen ƙwayoyi. Akwai kuma dangin bakteriya, wanda ƙwayoyinsa kan zama rawaya ko fari ko ja, kuma ya fi saurin yaɗuwa a jiki. Alamominta uku ne: kumburi mai tauri wanda ba ya ciwo da farko, sai ramuka da ke ɓullowa a kansa, sai ruwa mai ɗauke da ƙwayoyi. Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai ita ko ware masa kwano.

A 1991 Jami'ar Hartum ta kafa Cibiyar Binciken Maisitoma a asibitin Soba, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ahmed Hassan Fahal. Alƙaluman da cibiyar ta fitar sun nuna ta ga majinyata 6,792 daga 1991 zuwa 2014, kashi 76 cikin 100 maza ne, akasarinsu matasa 'yan ƙasa da shekara 30, kuma a wajen kusan mutum 3 cikin kowane 4 ƙafa cutar ta kama. Wato dai tana kama waɗanda gida ya dogara da su, manoma da makiyaya da masu yin itace da ɗalibai. A watan Mayun 2016 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Magani akwai, amma yana son haƙuri

Abu na farko da likita ke yi shi ne gano irin ƙwayar, ta hanyar hoton sikanin da hoton ƙashi da kuma ɗiban samfur a duba a ɗakin gwaji, domin maganin kowane iri daban ne. Nau'in bakteriya yana jin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma yawancin masu shi suna warkewa idan suka jure sha na watanni. Nau'in fumfuna ya fi taurin kai. Akan sha maganin itraconazole kullum na tsawon kusan shekara guda, a haɗa da tiyata a cire kumburin. Maganin na da tsada, kuma da yawa sukan daina sha da zarar ramukan sun rufe, sai cutar ta dawo.

A 2017 cibiyar Soba da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan suka fara gwajin wani sabon magani mai suna fosravuconazole a kan majinyata 104. Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna bai zarce tsohon maganin ba, amma yana aiki, kuma sau ɗaya a mako ake shan sa, abin da zai sauƙaƙa wa mutumin ƙauye. Sai dai a shekarar ce, ranar 15 ga Afrilu, yaƙi ya ɓarke a Hartum, aikin cibiyar ya tsaya. Bayan sojoji sun sake karɓar birnin a watan Maris na 2025, aka tarar an wawashe ta an lalata ɗakunan gwajinta, samfuran da aka tara shekaru da dama sun salwanta. Wannan ya ƙara nauyi a kan asibitocin jihohi, ya kuma ƙara wa rigakafi muhimmanci. Ƙullutun da aka kai wa likita tun yana ƙarami, tiyata kaɗan ke cire shi. Wanda aka bari ya kai ga ƙashi, ƙafa yake tafiya da ita.

Faso, cin ruwa da farce

Ba kowane ciwon ƙafa ne nabit ba. Wanda ya fi yawa shi ne faso, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da iska ke bushewa. Fatar diddige takan yi kaushi ta rasa laushi, nauyin jiki ya danne ta sai ta tsage. Mutane na ɗaukar faso abin wasa, alhali Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganinsa mai sauƙi ne: a jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗan ɗumi na minti 10, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a shanya, a shafa basilin ko man kaɗe ko man riɗi, a sa safa a kwanta. Kada a yanke kanta da reza, kada kuma a ɗiga narkakkiyar roba ko man birki a cikin tsagar kamar yadda wasu ke yi.

Da damina kuma cin ruwa ke damun mutane, inda tsakanin yatsu ke yin fari ya riƙa ƙaiƙayi da saɓulewa. Shi ma fumfuna ne da ke son laima. Mu da ke wanke ƙafa sau biyar a rana saboda alwala mun samu rabin rigakafi, saura rabin shi ne a tsane tsakanin yatsu kafin a sa takalmi. Man clotrimazole da ake samu a kantin magani yana kashe shi idan aka shafa safe da yamma na mako 2 zuwa 4, ba a daina ba don ƙaiƙayi ya lafa.

Shi kuwa farcen babban yatsa, a yanke shi a miƙe, kada a bi gefe a zurfafa, domin haka ke sa ya tsiro cikin nama ya tara mugunya. Kuma kowa ya mallaki abin yankan farcensa. Reza ko almakashin da ya bi ƙafar mutum goma a kasuwa na iya ɗaukar ciwon hanta da sauran cututtukan jini.

Ƙullutun gindin babban yatsa

Akwai wani ƙullutu da ke tsorata mutane su zaci nabit ne, alhali ba shi ba ne. Yakan fito a gefen ƙafa daidai gindin babban yatsa, yatsan kuma ya karkata ya nufi 'yan uwansa. Wannan ba tsiro ba ne, gaɓar ce ta goce, kan ƙashi ya turo waje. Ya fi kama mata, ana gadonsa, kuma matsattsen takalmi mai tsinin baki ko mai dogon diddige na ƙara tsananta shi. Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya haɗa binciken ƙasashe da dama, ya nuna kusan kashi 23 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 65 na da shi.

Ɗauri ko tausa ba sa mayar da ƙashin wurinsa, saboda haka kada a bari maɗori ya ce zai ja shi ya miƙar. Abin da ke rage zafi shi ne takalmi mai faɗin baki da taushin fata, da ɗan auduga ko soso a kan ƙullutun, da maganin rage zogi in ya tashi. Masu ɗinka markub su sa a auna musu ƙafar da yamma, lokacin da ta fi kumbura. Tiyata ce kaɗai ke gyara shi, kuma likitoci ba sa yin ta sai ciwo ya hana tafiya. In kuwa gaɓar ta kumbura farat ɗaya cikin dare, ta yi ja da zafi har mayafi ba ya taɓuwa, wannan ya fi kama da ciwon da Larabawa ke kira niƙris, wanda ke da nasa gwajin jini da magani daban.

Ɗaurewar jijiya

Ita ce ke tada 'yan ƙwadago da masu juna biyu da tsofaffi cikin dare. Naman bayan ƙwauri ko na tafin ƙafa kan dunƙule ya yi tauri na 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna. Gajiyar tsoka da doguwar tsayuwa da yawan zufa a rana na cikin abubuwan da ke jawo ta, haka ma wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari. Idan ta kama mutum, ya miƙe ƙafar ya jawo yatsun zuwa wajen ƙwauri, ko ya tashi ya taka diddige, sannan a murza wurin a hankali. Mai yawan fama da ita ya riƙa dafa bango yana miƙar da jijiyar kafin ya kwanta.

Mai aiki a rana kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi. Idan zufa ta yi yawa, ruwan gishiri da sukari na taimakawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wasu kan sha kwinin don wannan matsala, amma likitoci sun yi gargaɗi a kan haka domin yana iya taɓa zuciya da jini. A bar kwinin ga zazzaɓin da likita ya rubuta shi dominsa.

Abu biyu ne ba a wasa da su. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi da ciwo, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, sai a tafi asibiti a ranar, kada a yi tausa. In kuma ciwon na zuwa duk lokacin da mutum ya yi tafiya, ya lafa in ya tsaya, alama ce jini ba ya isa ƙafar sosai, abin da aka fi gani ga masu shan taba da masu ciwon sukari.

Masu ciwon sukari su fi kowa lura

Ciwon sukari idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji a ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai sani ba, kuma raunin ya ƙi warkewa. Yawancin yanke ƙafar da ake yi wa masu wannan ciwo daga ɗan ƙaramin gyambo yake farawa. Matsalar ta ƙara fitowa fili bayan faɗuwar Madani a Disambar 2023 da Sinja a Yunin 2024, lokacin da ɗimbin jama'a suka gudo Gadarif, wasu bayan tafiyar kwanaki a ƙasa, magungunansu sun yanke.

Mai ciwon sukari ya duba ƙafarsa kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In idonsa ba ya gani sosai, ya sa ɗa ko jika ya duba masa. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya taka yashi ko simintin harabar masallaci da tsakar rana babu takalmi. Kada ya kusantar da ƙafa ga kaskon wuta lokacin sanyi, ya kuma gwada zafin ruwa da gwiwar hannu kafin ya tsoma ƙafa. Iyayenmu mata masu shiga turaren duhan su yi hattara da zafin ramin, kuma su sani lalle mai duhu na iya ɓoye rauni ko canjin launin fata. Duk ƙurji ko baƙi ko wari da aka gani, a je asibiti ba tare da jiran gobe ba.

Ina mafita?

Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Takalmin taya da mutanen nan ke wa laƙabi da tamut tahalli, wato ka mutu ka bar shi, ya fi silifas tare ƙaya nesa ba kusa ba, rufaffen takalmi ko na roba mai dogon wuya kuma ya fi shi. Masu manyan gonaki da ke ɗaukar ma'aikata ɗaruruwa a kaka, idan suka sa takalmi da sabulu da maganin wanke rauni cikin kayan sansani kamar yadda suke sa garin dawa da busasshen kifi, ba za su yi asara ba. Shingen ƙaya da muke yi wa gidaje da garken dabbobi a riƙa share abin da ya zube daga gare shi, a kuma nisanta turken dabbobi da inda yara ke wasa.

Idan ƙaya ta soki mutum, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya cire ta da abu mai tsabta, ya tabbatar ba ta karye a ciki ba, ya rufe raunin. In sukar ta yi zurfi, ya nemi allurar rigakafin tetanus, cutar nan da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Wanzamai da masu maganin gargajiya kuwa, su ne mutanen ƙauye ke fara zuwa wurinsu, don haka babban taimakon da za su yi shi ne duk ƙullutun ƙafa mai tauri da ba ya ciwo, kada su tsaga, su tura mai shi asibitin Gadarif ko na Doka ko Hawata ko duk wanda ya fi kusa.

Ga ɗan uwana manomi kuma, in ka idar da alwalar isha'i yau, ɗauki tocila ka dubi ƙafarka da ta yaranka. Idan ka ga ƙullutun da ya wuce wata guda bai baje ba, kada ka ce sai bayan an gama girbi. Kawuna haka ya yi ta faɗa har kaka shida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasa, amin.